FULAWAR DA KE SON INUWA

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin 'yan uwanmu masu sana'ar hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ya gabatar a taron ƙungiya na watan Mayu, a nan Gombe. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

 

 Ranar da sakatare ya zo rumfata ya ce ana so in yi jawabi a kan fulawa, maƙwabcina ya ce ai an dace da gwani, tun da shekara ashirin ke nan ina auna ta a mudu. Sai da sakatare ya ce masa ba ta burodi ba, ta ado. To ita zan yi magana a kai, kuma ba kowace iri ba, sai wadda ke rayuwa a inuwa, don inuwa ce ta fi yawa a tsakar gidajenmu. Karatuna na Islamiyya ne, sai kasuwa. Abin da zan faɗa, yawancinsa da kuɗina na saye shi, wato asarar da na yi.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, daga ƙasar Kano ya taso. Ya zo garin nan bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gombe a 1963, yana sayen auduga da gyaɗa. Da ya gina gida, abu ɗaya ya dasa a tsakar gidan, darbejiya. Na san wasunku bedi kuke ce mata, wasu maina, wasu dogon yaro, kowa da sunan da ya taho da shi daga garinsu. Duk lokacin da aka ce masa a ƙara wani abu a gidan, sai ya ce a bari, ai gida za mu koma. A nan ya rasu, a nan aka binne shi. Darbejiyar tana nan, mutum biyu ba sa rungume ta. Ni ma na gaji wannan magana, har na gina ɗakuna a garinmu da ba kowa ke kwana a ciki sai jemage, alhali gidan da iyalina ke wuni a ciki daga asuba zuwa isha'i, ƙasa ce fayau, sai turmi da igiyar shanya. Mu maza muna kasuwa, muna ganin duniya. Su fa? Wannan katanga huɗu ita ce abin kallonsu. Mai ɗakina ce ta fara cewa in sayo mata fulawa. Na ce me za a yi da shukar da ba a miya da ita? Ta ce to labulen da na sayo wa ɗakina, miya ake yi da shi? Ban sake magana ba.

Na je wajen wani mai sayar da fulawa a bakin titi, na nuna waɗanda suka fi ɗaukar ido, na tambaye shi za su yi a ƙarƙashin bishiya? Ya ce ko a cikin rijiya ma za su yi. Na biya. Cikinsu akwai wadda ake ce wa ziniya, da mai rawayan fure mai ƙarfin wari da suke kira marigol, da wata 'yar ƙarama mai rarrafe, 'yar uwar fasa-ƙaba, wadda ba ta buɗe fure sai rana ta ɗaga. Duk 'yan rana ne. Na jera su gindin darbejiya. Cikin mako uku suka yi zanƙal-zanƙal, suka miƙe wuya suna neman haske, ganye ya koɗe, fure ya daina fitowa. Na ƙara musu ruwa suka ruɓe. Ban ce mutumin maƙaryaci ne ba, shi dai ɗan kasuwa ne kamar ni, kuma ban taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ba. Laifina ne da na sayi abin da ban sani ba. Da buhun wake ne, ai sai na soka na duba.

Da farko a san me ake nufi da fulawar shekara guda. Ita ce wadda ke yin rayuwar gero: a shuka, ta tsiro, ta yi fure, ta yi iri, ta mutu, duk a cikin lokaci ɗaya. Amma akwai abin lura. Yawancin takardun irin da ake kawowa daga Turai, idan sun ce shuka ta shekara guda ce, nufinsu sanyin ƙanƙara ne ke kashe ta a can. Mu nan ba ƙanƙara. Abin da ke kashe mana ita bazara ce, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, iska ta bushe ƙamas. Saboda haka shekarar fulawarmu tana farawa ne idan ruwa ya zauna a watan Yuni, ta yi ganiyarta a Agusta da Satumba, mai kula ya ja ta har cikin hunturu. Wanda ya sayi fulawar inuwa a watan Fabrairu, ya sayi gawa ne da sauran numfashi.

Sai inuwa. Nan ne nake so in ɗan daɗe, don a nan aka fi yin kuskure. Inuwa ba iri ɗaya ba ce. Ta mangwaro daban, mai duhu ce, shekara duk ba ta ɗagawa, kusa da gindinsa ba abin da zai yi fure. Ta darbejiya tana da dama idan an sassabe rassan ƙasa haske ya shigo ta gefe. Ta zogale da gwaiba tsilli-tsilli ce, rana na ɗigowa, ita ce ta fi dacewa. Gawo kuwa nasa a juye yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi toho. Sannan ga inuwar katanga da ta ɗaki, wadda ba ta zama wuri ɗaya.

A Islamiyya an koya mana gane lokacin azahar da la'asar da inuwar sanda, ban san zai yi mini amfani a wajen fulawa ba. Gombe tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar ka sosai, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, ranar da sanda ba ta da inuwa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan biyu, wato kusan duk damina, rana ta arewa take bi, inuwa ta faɗa kudu. Daga Satumba zuwa Afrilu kuma ta koma ta kudu, inuwa ta faɗa arewa. Takardun Turai suna cewa a dasa fulawar inuwa arewa da katanga, don su a can rana kullum ta kudu take. Kai da ke Jekadafari ko Pantami, idan ka bi wannan a watan Yuni, ka ajiye ta ne daidai inda rana ke duka. Kuma inuwar katanga da damina ba ta da faɗi. Katanga mai tsawon mita 2, a ƙarshen Yuni inuwarta da tsakar rana ba ta kai rabin mita ba. A ƙarshen Disamba tana wuce mita ɗaya, amma ta ɗaya gefen.

Abin da nake yi shi ne, in zaɓi rana ɗaya da ba na fita kasuwa, in ɗauki gawayi. Da hantsi in zana iyakar inuwa a ƙasa, da azahar in sake, da la'asar in sake. Wurin da ya sami ranar safe daga fitowarta zuwa walaha, sannan daga nan har la'asar yana cikin inuwa, shi ne wurin. Yawanci za ka same shi a gefen gabas na bishiya ko na ɗaki. Ranar safe abinci ce a wajensu, ranar azahar wuta ce. Idan kuma wurin ba ya samun rana ko kaɗan, ka ɗaga hannunka bisa farar takarda da tsakar rana. In ka ga inuwar hannun ko da dishi-dishi, akwai hasken da zai ishi masu ganye. In ba ka ga komai ba, ka ajiye randa a wurin, ita ce ke son haka. Wata alama kuma da na lura, inda balasa ke fitowa da kanta da damina, mai ɗan shuɗin furen nan da muke cirewa mu ba awaki, wurin yana da laima da hasken da ake so.

To su wane ne 'yan inuwar? Zan fara da wadda na fi so, kuma ita nake ba duk wanda zai fara shawara. Masu sayarwa suna ce mata balsam. A gidanmu yara sun sa mata suna fashe-da-taɓi. Asalinta daga ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, ƙasashe masu damina irin tamu, shi ya sa ba ta yi mana baƙunta. Ga yadda za ka gane ta. Karanta a miƙe yake, mai kauri, cike da ruwa, kamar za ka hango ta cikinsa, in ka matsa ya fashe. Tsawonta daga gwiwa zuwa ƙasa da ƙugu. Ganyenta dogo ne siriri, mai tsini, bakinsa kamar haƙoran zarto. Furen ba a saman kai yake ba, a hammatar ganye yake fitowa, manne da kara, sai ka ɗan sunkuya za ka gan shi sosai, kuma kowane fure yana da 'yar wutsiya lanƙwasasshiya a bayansa. Akwai ja, akwai fari, akwai ruwan hoda da shunayya. Babbar shaida ita ce kwanson. Ɗan ƙarami ne mai gashi-gashi, idan ya nuna ya ɗan yi rawaya, kana taɓa shi sai ya fashe ya naɗe, iri ya watse. Ranar farko da autata ta taɓa, ihu ta yi, ta zaci tsutsa ce.

Ita ce ta gaskiyar mai shekara guda. Irinta yana da girman da za ka iya tsinta da yatsa, ka binne shi sama-sama, cikin mako guda ko kwana goma ya tsiro, wata biyu da 'yan kwanaki ta fara fure. A bar tazarar taki ɗaya na hannu ko fiye tsakaninsu, in suka cunkushe farar hoda takan kama ganyen. Kuma a kafa mata ɗan kara a ɗaure, don kun san hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, karanta kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Wajen tara iri, kada ka jira kwanso ya fashe da kansa. Da safe ka rufe shi da tafin hannu ka matsa, ya fashe a cikin hannunka, ka shanya a inuwa, ka zuba a ambulan ko ƙullin takarda. Ban da leda, don tana sa shi gumi. Wannan ku 'yan hatsi kun fi ni sani. Iyayenmu mata kuma ga abin da zai ba ku sha'awa: sinadarin da ke sa lalle ya kama, akwai shi a jikin wannan shuka. A ƙasar Koriya tun da daɗewa mata ke daka furenta da ganyenta da alif, irin wanda muke tace ruwa da shi, su ɗaura a farce ya kwana, ya yi ja. Mai ɗakina ta gwada, ya kama, sai dai bai kai lallenmu ba.

Tana da 'yar uwa da ake rikita su, wadda ake kira imfeshan. Ita gajeruwa ce, tana yin rassa ta bazu, furenta shimfiɗe yake kamar kwabo, a saman ganye, ba a ɓoye ba. Mutuniyar Afirka ta Gabas ce, har a 1882 masanan Ingila suka laƙaba mata sunan Sarkin Zanzibar. Ta yi tashe a Turai da Amurka fiye da kowace fulawar inuwa, sai a 2011 wata cutar ruɓar ganye ta afka mata a Ingila, har manyan kantuna suka daina sayar da ita a shekarar da ta biyo. Ni a Jos na gan ta, na je kai masara, na ga ta rufe gindin wata katanga kamar an shimfiɗa darduma. Na sayo goma sha biyu na ɗora a gaban mota. A watan Fabrairu ne. Kafin ƙarshen Afrilu ba ko ɗaya. Na manta cewa Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, Gombe kuwa ba ta kai rabin haka ba. Kyanta ya fi na balsam, ban musa ba, amma ba ta jure zafinmu, kuma yini ɗaya ka manta da ruwa sai ta kwanta. Wanda ya nace, ya saye ta a Yuli, ya more ta zuwa Janairu, ya yi mata sallama. Ni dai na haƙura.

Ta uku ita ce wadda ta fi ba ni mamaki, don ashe 'yar gida ce. Ana ce mata koliyas. Ba don fure ake shuka ta ba, don ganye. Ganyen ne ke da zane kamar atamfa, ja a tsaka kore a baki, ko rawaya da ruwan makuba, wani har kala uku. Idan kana shakka, ka murza karanta tsakanin yatsu biyu, za ka ji yana da kusurwa huɗu, ba zagaye ba. Ganyen biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, bakinsu da gira-gira. Wanda ya taɓa noman tumuku ko rizga, yana ganin ta zai ce ai na san wannan. Gaskiyarsa, dangi ɗaya ne. Tumukun nan da muke rainawa, Turawa dankalin Hausawa suke ce masa a littattafansu. Ita koliyas ɗin ado daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya aka fito da ita, amma jininsu ɗaya.

Ba sai ka kashe ko sisi a kanta ba. Ka roƙi reshe mai tsawon yatsa a gidan maƙwabci, ka yanke daga ƙasan gaɓa, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma a kwalbar ruwa a inuwa. Mako ɗaya zuwa biyu za ka ga farar saiwa, sai ka dasa. Idan ta kai taki ɗaya, ka tsinke kanta da farce don ta yi rassa. In ta fito da dogon zangarniya mai ƙananan shuɗin fure, shi ma ka tsinke, don da ta yi iri sai ta fara tsufa. Ita kan gaya maka halin da take ciki. Rana ta yi yawa, kalar ta koɗe, bakin ganye ya ƙone. Duhu ya yi yawa, jan ya gudu ta koma koriya. Da bazara uwar takan mutu, amma ni ina yanke rassa a farkon Maris in ajiye su a kwalabe a bayan randa, ina canja ruwan duk kwana uku. Haka nake tsallakar da ita. Wadda ke gidana yanzu jikar jikar wadda wata tsohuwa 'yar Tangale ta ba mai ɗakina ce, shekara bakwai da suka wuce.

Akwai bigoniya, 'yar Barazil, gajeruwa mai ganye mai sheƙi kamar an shafa masa man kaɗe. Shaidarta, ganyen a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya girma daga gindi. Irinta kamar ƙura yake, kada ka wahalar da kanka da shi, ka sayi dashe. Yawan ruwa ne ajalinta, a watan Agusta sai an matsar da ita ƙarƙashin rumfa. Akwai kuma toreniya, 'yar ƙasar Biyetnam, mai fure kamar bakin ƙaramin kakaki, shuɗi da ɗigon rawaya a leɓen ƙasa. In ka leƙa ciki za ka ga zare biyu sun haɗe a sama kamar ƙashin ƙirjin kaza mai reshe biyu. Tana son zafi da laima, ta dace da daminarmu, sai dai ba kullum ake samunta a garin nan ba. Irinta ba a binnewa, a barbaɗa a saman ƙasa a danna da tafin hannu.

Yanzu ina roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Akwai biyu da ke yin kyau a inuwa amma suna da haɗari. Ɗaya ita ce kaladiyam, mai faɗin ganye kamar na gwaza, sai dai da ɗigon ja da fari ko jan tsaka. Ba ta shekara guda ba ce a gaskiya, tana da ƙwai a ƙasa, da rani ganyen ya mutu, ruwan fari ya tashe ta. Kamanninta da gwaza shi ne matsalar. Duk jikinta akwai wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, yaro ya tauna, baki da maƙogwaro su kumbura su yi zafi. Kada a dasa ta kusa da abin miya. Ta biyu ita ce wadda muke ce wa furen la'asar, don ba ta buɗewa sai bayan la'asar, ta kwana tana ƙanshi. Tana jure inuwa kaɗan, kuma a jiki ɗaya sai ka ga fure kala biyu. Irinta baƙi ne mai kurji-kurji, girman masoro ko ya ɗara, yara na son wasa da shi, kuma shi da saiwar duk guba ne. Gidan da ke da mai rarrafe, a ɗaga tukunyar sama ko a haƙura sai ya yi wayo. In kuwa yaro ya ci, a wanke masa baki a kai shi asibiti da ganyen a hannu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai maganar ƙasa. A gindin darbejiya kada ka dasa a ƙasa kai tsaye. Saiwarta ta riga ta mamaye wurin, duk ruwan da ka zuba ita kake shayarwa. Ka yi amfani da mazubi: fasasshiyar randa, tsohuwar tukunya, bokitin fenti, jarkar da aka yanke. Na ƙasa ya fi, don yana sanyaya saiwa. Kowanne dai a huda gindinsa, a sa 'yan tsakuwa ko katanga ta fasasshiyar tukunya a kan hujin. Sannan a ɗora shi bisa bulo biyu. Na taɓa ajiye bokiti a ƙasa, bayan wata huɗu na zo ɗagawa ya ƙi, ashe saiwar darbejiya ta bi ta hujin ta cika shi. Bulon yana kuma rage gara.

Ƙasar cikin garin nan yawanci rairayi ce, ruwa na wucewa kamar a rariya. Baƙar ƙasar gonakin auduga kuma laka ce, ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, in ta bushe ta tsage. Ni haɗawa nake yi: kwano biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na takin shanu ko na awaki wanda ya shekara ya koma baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona su, yana kuma jawo gara. In ka sami ɓuntun shinkafa da ya ruɓe, ka ƙara, yana sa ƙasa ta yi laushi. Takin zamani kuwa, abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa tukunya ɗaya a wata, nesa da kara. In ka cika shi, musamman farin nan, ganye za ka samu ba fure ba.

Na san abin da ke ran wasunku, ruwa. Duk da wanda ake turowa daga madatsar Dadin Kowa, da yawanmu har yau a wajen 'yan garuwa muke saye, ba mai son zuba kuɗinsa a bokitin fenti. To fulawar inuwa ba ta kai ta rana sha ba, kuma rabin rayuwarta ruwan sama ne. Sauran kuwa, ni wurin alwalata na mayar kusa da su. Ina yi a kan faranti, in juye musu. Sau biyar a yini, ga na yara, ga ruwan wankin shinkafa. Ban da ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Kafin ka zuba ka tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ɗaya, in da laima ka bari. A zuba a gindi da safe, ba a kan ganye da dare ba.

Wani dattijo ya ce da ni fulawa na kawo sauro da maciji. Akwai ƙamshin gaskiya. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, ba a ganye ba, saboda haka kada a bar faranti da ruwa a ƙarƙashin tukunya, kwalaben dashe ma a riƙa canja ruwansu. Maciji kuma duhuwa da tarkace yake bi. Tukwane a kan bulo, da tazara, ana share ƙarƙashinsu kullum, ba inda zai ɓuya. Abokan gaba na gaskiya su ne kaji da akuya da ƙadangare. Kaji su tone, akuya ta aske, ƙadangare ya cinye tsiro tun yana ganye biyu. Ragar waya ko tsohon gidan sauro ya isa. Idan kuma ka ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a hammatar ganye, ko ƙananan kore masu sa ganye ya yi danƙo, maganin yana bisa kanka. Ka tsinci 'ya'yan darbejiya, ka ɓare, ka daka ƙwallon, gram 50 a litar ruwa ɗaya, ya kwana, ka tace ka yayyafa da yamma. Da hunturu kuma a riƙa wanke musu ƙura daga ganye, sama da ƙasa.

Tun da aka ƙirƙiro jihar nan a ranar 1 ga Oktoba 1996, filaye suka tsuke, gida ɗaya ya koma uku, benaye suka tashi, kowa ya malale tsakar gidansa da siminti. Ga kuma bishiyoyin da aka yi ta dasawa tun da gwamnatin jiha ta fara shirin dashen itatuwa a 2019, sun fara yin kai. Wato inuwa ƙaruwa take yi a unguwanninmu, ba raguwa ba. Yaranmu da ke zaman jiran aiki su duba wannan. A Dadin Kowa akwai Kwalejin Tarayya ta koyon aikin lambu tun 2002, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan. Na ga abin da ake sayar da reshen koliyas ɗaya a leda a bakin titi, na kuma san abin da nake samu a mudun dawa. Ba zan faɗi lissafin a gaban dattawa ba, kada a ce na zuga yara su bar kasuwa.

Na zo da ƙullin irin balsam guda arba'in, na bara ne, daga gidana, kala a gauraye. Suna wajen sakatare a bakin ƙofa, gida ɗaya ƙulli ɗaya. Kada a shuka yanzu don an ga ruwan fari, a jira sai an yi ruwa uku masu kyau a jere. Masu son reshen koliyas kuma, mata su aiko yara wajen mai ɗakina bayan la'asar, kowa ya zo da kwalbarsa.